Ko Za a Tafi?

Zarto na tsakiyar katako lokacin da Auta ya shigo shago da waya a hannu, bakinsa har kunne.

"Yaya, an samu," ya ce. "Kamfanin nan na ƙasar waje masu yin ƙofofi sun amsa. Aikin shekara uku, har da gidan zama. Ko za a tafi?"

Ya miƙo wayar. Yaya bai karɓa ba, bai ma ɗago ba. Ya ci gaba da yanka har ya wuce layin awo, ya ɓata katakon.

Haka Auta yake magana tun yana ƙarami, komai a kaikaice. An tashi lafiya, an gaji, an gode. "Kai" da "ni" nauyi suke yi masa a baki in yana gaban wansa. Mutane na yaba wannan ladabi. Yaya kuwa sunan da ya sa wa abin a ransa shi ne lumbu-lumbu, wutar ƙaiƙayi.

Shekara ashirin da biyu ya yi a shagon nan da mahaifinsu ya bari. Shi ya koya wa Auta riƙe guduma, shi ya bar makaranta don Auta ya ƙarasa tasa. Kuma wata da watanni yana lura da Auta: ba ya tsinana komai sai zagaya ƙofofin da Yaya ya sassaƙa yana ɗaukar su hoto, ta gaba da ta gefe, wani lokacin har da mai aikin a tsugune. Yau ya gane dalili. Ashe da guminsa aka yi talla. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abin da yake ji kuwa, ya san sunansa sarai: hassada ce, ba ta da wani suna.

"Sun ce a ba da amsa kafin Alhamis," in ji Auta. "Ya kamata a auna."

Auta ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ɗauki guntun katakon da ya ɓaci, ya ja layi a tsakiya. A dama ya fara rubuta amfanin tafiya. Albashin wata ɗaya ya fi abin da shago ke kawowa a rabin shekara. Injuna ne ke ɗaga kaya, ba bayan mutum ba. Ga asibiti. Ga makarantar yara kyauta.

Yaya ya yi tsaki ciki-ciki. Tuzurun da ko budurwa bai tsayar ba, har ya fara lissafin makarantar yara.

Ɓangaren hagu Yaya ne ya cika shi, kuma bai yi rowar baki ba. Kwana uku yana kawo dalilai, yana gyara murya irin ta mai nasiha. Sanyin can yana shiga ƙashi. Mutum ya zama bare, ba mai gaishe shi, in ya faɗi ciwo bango ne zai ba shi ruwa. A nan kai ne mai shago, a can yaron wani. Rabin labaran daga bakin masu jiran gyaran kujera ya tsince su, sauran kuwa a wurin ya ƙera su, da ma ƙira sana'arsa ce.

Ranar Laraba ya fito da na ƙarshe, wanda ya adana.

"Mutum ya tsallake ya bar tsohuwa a ɗaki, ga ciwon ƙafa? In ta cika yana can fa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ni dai ko ƙasarsu za su ɗora min a faranti, ba inda za ni."

Auta ya daɗe yana kallon katakon. Idonsa ya kawo ruwa.

"An tabbata, Yaya? In aka ce a'a, wani za su ɗauka, ba sa sake kira."

"Na tabbata."

A gabansa Auta ya rubuta amsar da yaren mutanen kamfanin, ya aika, ya mayar da wayar aljihu. Yaya ya ji wani sanyi ya ratsa shi. Ranar har waƙa ya yi yana buga ƙusa, abin da ya shekara bai yi ba.

Da la'asar ya biya gaishe da mahaifiyarsu kamar kullum. Ya same ta a bakin gado ta miƙe ƙafa a kan matashi, fuskarta duk alamar kuka. Bai gama durƙusawa ba ta kamo hannunsa ta riƙe gam, tana shafa kantar da zarto ya bari a tafinsa.

"Allah ya yi maka albarka, Babba," ta ce. "Ƙaninka ya faɗa min komai. Wata takwas yana aika musu hotunan aikinka yana roƙo har suka yarda su ɗauke ka da iyalinka, kai kuma ka ce ba za ka tafi ka bar ni ba."