Jan Katin Barira

Alƙaliyar wasa Ramlat ta ɗaga jan kati. Da gangan Barira, mai ƙafa ɗaya, ta kwashe sandar abokiyar karawarta ta kayar da ita.

Filin wasan Saji ya kaure da hayaniyar 'yan kallo. "Ki ji tsoron Allah, gurguwa ce fa!"

"'Yar ƙwallo ce," in ji Ramlat. "Ta fita."

Alƙalancin sa-kai take yi a gasar ƙwallon yara masu naƙasa, ga shi har an fara cewa a kore ta. Ba ta sauke hannu ba. Sai Malam Ƙasimu, mahaifin Barira, ya ratso taro ya tsaya gabanta.

"Malama, ba ni katin nan in kai gida. Tun da aka yanke ƙafarta, sannu kawai ake ce mata. Yau ne aka hukunta ta kamar kowa."