Dabarar Malam Abdulrashid

Malam Abdulrashid na tsakiyar shifta sai ya ɗaga kai ya ga mai rubutu ɗaya ne a ajin, shi ma zanen babur yake yi.

A wata cibiyar jami'a da ke Gummi yake koyarwa, inda masu neman digiri ke zuwa Asabar da Lahadi daga Anka, Bukkuyum har Adabka. Ajinsa kullum raguwa yake. Hajiya Zubaida, shugabar cibiyar, ba ta ɓoye masa ba: in baƙi daga uwar jami'a suka zo duba aiki suka tarar da kujeru kawai, za a ba wani kwas ɗin. Maganar ta tsaya masa a rai, don da kwas ɗin nan yake taƙama a gari.

Sai ya tafi bita a Gusau, ya dawo da dabaru cike da kai. A daina shifta, a zauna a da'ira, a bar ɗalibi ya yi tambaya, kuma kada a ga waya a hannun kowa. Bencinan ajinsa a kafe suke, don haka ya roƙi ɗakin ƙarshen baranda, wanda wata ƙungiya ta gyara ta zuba kujerun roba.

Dokar waya ya fi jin tsoron za ta jawo ƙorafi, amma ko tari ba wanda ya yi. Kowa ya jingina jakarsa da bango ya zauna.

Kafin wata ya ƙare ɗaki ya cika. Ɗalibai na riga shi zuwa, har rububin kujerun jikin bango suke. Maharazu, mai zanen babur, ya zama sarkin tambaya. Da lokacin tashi ya yi sai ya leƙa jakarsa ya ce, "Malam, a ƙara muna bayani kaɗan." Har 'yan wasu sassan suka fara shigowa. Ranar da hadari ya yini a sama ne kawai aka watse da wuri, Malam ya ce ai dole, hanyar Adabka ba ta son ruwa.

Mu malamai ba mu da wuyar ruɗi. Aji ya cika sau biyu, sai mu fara tafiya kamar mu muka ƙirƙiro boko. Malam ya soma tare abokan aiki yana ba su shawarar da ba su nema ba. Suka gwada da'irar a nasu azuzuwan, ba abin da ya canza. Ya ce musu abin sai da baiwa.

Ranar zuwan baƙi, Hajiya ta karrama shi da sabon babban zaure. Ya sa babbar riga, ya jera kujeru da hannunsa. Baƙi suka zauna. Ɗalibai ba su fi a ƙirga da hannu ɗaya ba. Hajiya ta dubi agogo, ta dube shi. Malam ya ce bari ya dubo ko sun yi ɓatan kai.

Ɗakin ƙarshen baranda ya tarar a cike maƙil, an yi da'ira tsaf, ana ta muhawara, ba malami. Daɗi ya kama shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya zaro waya don ya ɗauki hoto ya kai wa baƙi shaida.

Maharazu ya dubi wayar, ya janye jakarsa daga jikin bango cikin ladabi.

"Malam, kai ma caji kaz zaka? Ga soket guda nan ya rage. Ka san duk makarantag ga, ɗakin ga kaɗai ad da sola."