Lambar da Ke Hannun Baba

Tun da aka yanka tsohon gidan tarihin garinmu ɗaki-ɗaki aka zuba mu ciki, doka ɗaya aka kafa mana: duk abin da ya haura shekara saba'in kayan tarihi ne, ba ya fita. Ranar da muka tare aka manna wa turmin Inna lamba. Aka ɗaura wa Baba tasa a wuyan hannu, har yana dariya.

Yau da hantsi Baba ya cika. Muka yi masa sutura, muka ɗauko makara. Muna isa bakin ƙofa, ƙararrawa ta ɗauki ƙara, ƙyaure ya rufe da kansa.

"Malam Mamuda, don girman Allah," na ce wa maigadi. "An gama haƙa kabari, liman na tsaye a rana. Kwano ɗaya kuke ci da shi!"

"Wallahi Ilu, ba ni na rufe ba. Shekararsa tamanin da biyu. Sai takarda ta zo daga sama."

"Yaushe?"

"Ta wata tsohuwar tukunya wata huɗu ta yi."

Na kai hannu cikin likkafanin zan tsinke lambar, ya riƙe ni. "Ka tsinke, yau iyalinka a titi za su kwana."

Har la'asar ta wuce muna tsaye, kafaɗunmu sun mutu, ba wanda ya yarda a sauke makarar. Sai ga ma'aikata biyu suna turo dogon akwatin gilashi, an goge shi tas.

"Ina kuke so a ajiye shi?" in ji ɗayansu. "Zaure ya fi samun masu kallo."