Layar Gindin Bindiga

Da jandarma suka zaro bindigar daga ƙarƙashin buhunan dabinon wani tsoho, mai taba ya fi kowa salati a kasuwar Tamanrasset. Shi ya cusa ta can jiya. Tun tafiyar Faransawa aka yi shela: duk mai bindiga ba takarda, sai kaso. Mai taba kuwa ya daɗe yana ƙyashin rumfar tsohon ta bakin hanyar ayari, ko da yake tsohon ne ya sauke shi ranar da ya iso daga Damagaram da ƙafa a fashe.

Mari biyu, tsohon ya faɗi. Takalmi ya ƙarasa masa haƙoran gaba.

Abu ɗaya mai taba ya kasa cirewa: layar da ke ɗaure a gindin bindigar, don an ce wanda ya kwance ta, kansa za ta juyo. Babban jandarman bai san wannan ba. Ya farke fatar da wuƙa, ya karanta da ƙarfi: sunan mai bindiga da sunan uwarsa, yadda ake rubuta laya.

Masu wannan suna sun kai goma a kasuwar. Sunan uwar kuwa, tsohon kaɗai ya san shi, don shi ya rubuta wa mai taba layar da hannunsa.

"Wane ne shi?" in ji jandarman.

Tsohon ya dubi mai taba, ya tofar da jini. "Ban san shi ba, ranka ya daɗe."

Kafin la'asar, mai taba ya zuba yashi a kan jinin, ya baza hajarsa a rumfar tsohon.