Waƙar Cocin da Baba Bai Yarda da Ita Ba

Lokacin kullen korona ina 'yar shekara goma sha uku. Wata rana bayan azahar, a gidanmu na unguwar Taman Melati, Baba ya zare abin sauraren da ke kunnena ya sa a nasa. Kiɗa ne kamar ana dukan ƙarfe a maƙera, wani ƙato yana ta kwarara ihu.

"Mene ne wannan?"

"Waƙar coci ce, Baba. 'Yar ajinmu ce ta turo min, Yesu suke yabo."

Ya cire shi daga kunnensa. "Na zauna da Kiristoci a Jos, ba haka suke waƙa ba. Wane yaro ne ya turo miki?"

Nan take ya ƙwace wayar. Wallahi gaskiya na faɗa masa. Amma har yau, in zai tuna min da ƙaryar da na taɓa yi masa, wannan yake ɗaukowa.