Ranar da Kaka Ta Wanke Kwamfutata

Ina aji shida Baba ya sayo mini kwamfutar hannu mai araha a kasuwar Talata Mafara, kawuna ya zuba mata manhajar kyauta da Alƙur'ani. Wata la'asar zazzaɓi ya kwantar da ni. Na buɗe ido na ga Kaka ta jingina kwamfutar cikin ƙwarya, Yasin a buɗe, tana kwarara mata ruwa.

"Kaka, mi kike yi?"

"Rubutu nike wanke maka. Wanga allo ko tawada bai buƙata."

Gilashin ya yi baƙi ƙirin.

"Ka gani? Duk ayoyin sun sauka cikin ruwan. Tashi ka sha."

Na shanye ina kuka. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne, washegari na warke sarai.