Maɓallin Kawu Labo

Ina da shekara bakwai na faɗa tsohuwar rijiyar lambunmu a Jiratawa. Ban kai ruwa ba, na maƙale a tsakiya inda ta tsuke, hannuna ɗaya a danne. Mutane suka cika bakin rijiyar suna salati. Duk wanda ya leƙo sai ƙasa ta zubo mini a fuska, hasken ma suka tare.

Ranar ana zanga-zanga a Maraɗi, an toshe hanya da tayoyi masu cin wuta, motar pompiye, ta 'yan kashe gobara, ta kasa fita. Kawu Labo, ƙanen innata, sojan kashe gobara ne. Shi kaɗai ya iso da la'asar a kan moto, wato babur, da igiya a kafaɗa. Na ji ya kori mutane, sannan ya ce a ɗaure masa ƙafafu a zura shi da ka, don babu faɗin da zai sunkuya a ciki.

Rigarsa na warin hayaƙin taya. Ya taɓa wuyana da yatsu biyu, ya ce, "Kar ka dubi sama, ɗana, ƙasa za ta cika maka ido. Dubi maɓallin rigata har mu fita."

Baƙi ne, an ɗinke shi da jan zare.

Shekaranjiya aka yi jana'izar Kawu Labo, ni na shiga kabari na karɓe shi. Ƙasa ta fara zubowa daga gefe, na sunkuyar da kai ina neman abin da zan kalla. Likkafani ba shi da maɓalli.